Darasi na Bakwai: Injin Huda da Injin Ɗaure Sukuru Masu Aiki da Batir

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bambanta injin huda da injin ɗauri mai bugu, ya san aikin kowanne;
2. zaɓen tsinken da ya dace da katako, ƙarfe ko bulo;
3. karanta lambobin da ke jikin batir, ya kuma san yadda ake tattalinsa;
4. yin aiki ba tare da ya ji wa kansa ko wani ciwo ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa rumfar kafintoci, ko wurin masu haɗa tagogin alminiyam, ko ya tsaya kallon masu kafa faifan sola a kan rufi, zai ga wani ɗan inji a hannunsu, ba waya a jikinsa, ba janareta a kusa, sai batir maƙale a gindinsa. Da shi suke huda rami, da shi suke ɗaure sukuru, su kwance. Aikin da a da ake wuni ana yinsa da barima da sukudireba har tafin hannu ya yi kanta, yau kafin azahar an gama shi.

Injin huda mai aiki da lantarki ya daɗe a duniya. Kamfanin Fein na birnin Situtgat a Jamus ya ƙera wanda ake riƙewa a hannu tun 1895. A 1961 kamfanin Black & Decker na Amurka ya fito da na farko marar waya, sai dai batiran wancan zamani suna da nauyi, ga saurin ƙarewa. Abin ya sauya ne da zuwan batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayoyinmu na hannu. A 2003 kamfanin Bosch ya sa shi a wani ƙaramin injin ɗaure sukuru, a 2005 kuma Makita da Milwaukee suka sa shi a manyan injina na masu sana'a. Daga nan injinan suka ƙanƙance, ƙarfinsu kuma ya ƙaru.

A wurinmu, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ma'aikaci zai yi cajin batiransa lokacin da aka kawo wuta ko a wurin mai sola, ya tafi aiki ƙauye ko sabon ginin da ba a ja masa waya ba, ya yi aikinsa ya dawo. Amma inji ba ya maye gurbin sani. Yawancin ɓarnar da ake yi da waɗannan injina, daga tsagewar katako zuwa ƙonewar batir, tana zuwa ne daga ɗaukar ƙarfi a matsayin gwaninta. Abin da wannan darasi zai koyar shi ne yadda ake ba kowane aiki gwargwadon ƙarfin da yake buƙata.

Injin huda da sassansa

Injin huda, wanda masu sana'a ke kira diril, yana da sassa biyar da ya kamata ku sani.

Na farko shi ne baki. Haƙora uku ne a cikinsa da ke damƙe tsinke. Ana murɗa shi da hannu ya buɗe, a sa tsinke a tsakiya, a murɗa ya tsuke. Bakin ƙananan injina yana ɗaukar tsinke mai kaurin da ya kai milimita 10, na manya kuma milimita 13.

Na biyu kunama, wato abin da ake ja da yatsa. In an ja ta kaɗan injin ya juya a hankali, in an ƙara ja ya ƙara gudu. Koyon sarrafa kunama shi ne rabin aikin.

Na uku maɓallin gaba da baya, wanda ke saman kunama. Juyi zuwa dama na huda ne da ɗauri, juyi zuwa hagu na kwancewa ne. In aka bar maɓallin a tsakiya, kunama ta kulle, injin ba zai tashi ba.

Na huɗu giya, a bayan injin daga sama, mai lamba 1 da 2. Giya ta 1 ba ta da gudu amma tana da ƙarfin murɗawa, ita ce ta ɗaure sukuru da huda babban rami. Giya ta 2 tana da gudu, ita ce ta ƙananan ramuka. Ba a canja giya injin na juyawa.

Na biyar zoben kuloci, mai lambobi kewaye da shi a bayan baki. Wannan zobe shi ke ƙayyade inda injin zai daina murɗa sukuru. In an sa shi a ƙaramar lamba, da zarar sukuru ya ɗan yi tauri sai ku ji ƙara karr-karr, baki ya tsaya. In an sa a babbar lamba sai ya ƙara nutsa kafin ya tsaya. A ƙarshen lambobin akwai hoton tsinke, nan ake kaiwa in za a yi huda. Wasu injinan suna da hoton guduma, wanda ke sa tsinke ya riƙa dukan gaba yana juyawa, don huda bulo.

Injin ɗauri mai bugu

Wannan inji, da ake kira imfak a wuraren aiki, ya yi kama da injin huda, sai dai ya fi shi gajarta, kuma bakinsa daban ne. Ba shi da haƙora. Rami ne mai kusurwa shida, faɗinsa rubu'in inci, ana cusa kan sukudireba a ciki ya kama.

Bambancin gaske a cikinsa yake. Kun san yadda bakanike ke yi in noti ya ƙi kwancewa: ya ɗora sifana, ya riƙa dukanta da guduma har notin ya motsa. Haka wannan inji ke aiki. A cikinsa akwai sifirin da ƙaramar guduma da maƙera. Muddin sukuru na shiga cikin sauƙi, juyawa kawai yake yi. Da ya ji tauri sai gudumar ta fara dukan maƙera ta gefe, wajen sau dubu uku a minti guda, kowane bugu na ƙara murɗa sukurun. Shi ya sa ƙarfin murɗawarsa kan ninka na injin huda sau biyu ko uku, kuma ba ya murɗe wa mai riƙe da shi wuyan hannu.

A kula da abu biyu. Bugunsa na juyi ne, ba na gaba ba, don haka ba ya huda bango. Sannan yawancinsu ba su da zoben kuloci, ba abin da zai tsayar da shi sai yatsanku. In aka yi sakaci zai nutsar da sukuru ya wuce, ko ya tsinke masa kai, ko ya tsaga katakon.

Wanne ne na wane aiki?

Huda rami a katako, ƙarfe, roba ko bulo aikin injin huda ne. Haka ɗaure ƙananan sukurori a kayan da ba sa son ƙarfi, kamar hannun durowa, murfin soket da allunan kabad na garin katako, domin kuloci zai kare su. Dogayen sukurori a katako mai kauri, sukurorin rufin kwano, da aikin da za a ɗaure ɗaruruwa a yini, waɗannan na mai bugu ne.

Akwai ayyukan da suka fi ƙarfin duka biyun. Ginshiƙin kankare da dakin suna buƙatar babban injin huda mai ɗaukar tsinke irin na SDS. Notin tayar mota kuma yana da nasa injin mai baki murabba'i. Wanda ya tilasta wa ƙaramin inji irin wannan aiki zai ƙona shi a banza.

Mai gyare-gyaren gida injin huda guda ya ishe shi, musamman mai hoton guduma. Mai sana'a kuwa ya fi samun sauƙi da biyun: ɗaya na huda, ɗaya na ɗauri, ba sai ya tsaya canja tsinke ba.

Zaɓen tsinke

Tsinken katako yana da ɗan tsini siriri a tsakiyar bakinsa, wanda ke hana shi zamewa. Tsinken ƙarfe, wanda galibi ake rubuta HSS a jikinsa ko a kwalinsa, yana huda ƙarfe da alminiyam da roba, yana kuma iya huda katako. Tsinken bango yana da wani ɗan ƙarfe mai tauri da aka liƙa a bakinsa, ya ɗan fi jikin tsinken faɗi. Kowane tsinke an buga kaurinsa a gindinsa da milimita.

Kawunan sukudireba ma iri-iri ne. Biyu da aka fi rikitawa su ne PH2 da PZ2. Dukansu masu gicciye ne, amma sukurun PZ yana da ƙarin ƙananan zane huɗu a tsakanin gicciyen. In aka sa kan da bai dace ba sai ya riƙa tsalle, ya cinye kan sukurun, ya zama ba ya shiga ba ya fita. Injin mai bugu kuma yana son kawunan da aka yi dominsa, domin na gama-gari kan karye.

Aiki a aikace: kafa sandar labule a bangon bulo

Ga yadda ake yi, mataki-mataki.

A auna da tef, a sa alama da fensir a inda ramukan za su kasance. Kafin a taɓa kunama a dubi bangon da kyau. Wayoyin lantarki da aka binne galibi suna tafiya ne a miƙe, sama ko ƙasa ko gefe, daga makunni da soket. Kada a huda a kan wannan layi. In akwai famfo ko banɗaki a bayan bangon, a tuna da bututun ruwa.

A ɗauki fisha, wato robar da ake cusawa a rami don ta riƙe sukuru. Fisha mai lamba 6 tsinke mai milimita 6 take so. A gwada tsawonta a jikin tsinken, a ƙara kaɗan, a naɗa salatif a wurin don a san inda za a tsaya.

A ɗora bakin tsinke a kan alama, injin ya miƙe sosai, kada ya karkata. A fara a hankali ba tare da guduma ba har tsinken ya ratsa filasta ya sami wurin zama. Sannan a juya zobe zuwa hoton guduma, a ƙara gudu, a tura daidai wa daida. Bulon siminti yana da rami a ciki, jikinsa kuma ba kauri gare shi ba, don haka in kun ji tsinke ya faɗa gaba farat ɗaya, ya shiga ramin ne, sai a sassauta. A zaro tsinken yana juyawa don ya fito da ƙura. A cusa fisha har ta yi daidai da fuskar bango, a mayar da injin giya ta 1, a sa kuloci a matsakaiciyar lamba, a ɗaure sukuru.

In bangon na da tayil, ba a sa guduma sai an ratsa tayil ɗin, in ba haka ba zai fashe. A manna salatif a wurin don kada tsinke ya zame. Bangon ƙasa kuwa ba ya riƙe fisha, domin ƙasar na marmashewa a kewayenta.

Katako, ƙarfe da rufi

Katako mai tauri irin maɗaci ba a cusa masa sukuru kai tsaye, musamman kusa da baki, domin zai tsage. A fara huda ɗan rami da tsinken da bai kai kaurin sukurun ba, ta yadda zaren zai sami abin kamawa. In ana son rami ya fita ta baya ba tare da ya yage katakon ba, a sa wani guntun katako a ƙarƙashi.

Ƙarfe ba ya son gudu. A fara yin ɗan gurbi da ƙusa da guduma, a ɗiga baƙin mai kaɗan, a huda a hankali ana dannawa. In tsinke na ci yadda ya kamata za ku ga ɓawon ƙarfe na fitowa a nannaɗe. In kuwa ƙara kawai yake yi, bakinsa ya koma shuɗi, to ya ƙone saboda gudu. Babban rami ana fara shi da ƙaramin tsinke, sannan a bi da babba. A matse ƙarfen da abin matsewa, kada a riƙe shi da hannu, domin lokacin da tsinke zai fita ta baya yakan cije, ƙarfen ya juya ya yanki mutum.

Sukurun rufin kwano yana da kai mai kusurwa shida, da zoben roba a ƙarƙashinsa wanda ke hana ruwa shiga. Nan ne ake gane ma'aikacin kirki. Zai ja kunama har robar ta zauna ta ɗan matsu, ya saki. Wanda bai iya ba sai ya bar injin ya yi ta bugu har robar ta baje ta tsage, kwanon ya lotsa. Ranar da aka gama aikin ba wanda zai gani, amma ruwan farko na damina zai tona asiri.

Batir da tattalinsa

Batir shi ne mafi tsada a jikin injin, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa. Lambobi biyu ne a jikinsa. Ta farko mai harafin V, kamar 12V ko 18V, tana nuna ƙarfin lantarkinsa. A cikin batirin akwai ƙananan batira, kowanne 3.6V. Guda biyar a jere su ne 18V. Batirin da aka rubuta wa 20V shi ma guda biyar ɗin ne, an dai auna shi ne lokacin da ya cika maƙil. Mai 12V guda uku ne a cikinsa, shi ma a cike aka auna shi, ya fi sauƙin ɗauka, ya kuma isa aikin gida da na kabad.

Lamba ta biyu mai haruffan Ah, kamar 2.0Ah ko 4.0Ah, tana nuna yawan cajin da yake ɗauka. In kuna son kwatanta batira biyu, ku ninka lambobin: 18 sau 2 ya ba da 36, 18 sau 4 ya ba da 72. Na biyun zai yi ninkin aikin na farko kafin ya ƙare, amma ya fi shi nauyi.

Babban abokin gabar batirin litiyam zafi ne. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura digiri 40 a inuwa, balle a kan kwano ko cikin motar da aka rufe. Saboda haka:

- Kada a ajiye batir a rana, ko a kan rufi, ko cikin but ɗin mota.
- In ya yi zafi bayan aiki, a bar shi ya huce kafin a sa caji.
- A yi caji a inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da katifa da fetur, da cajar da aka yi dominsa.
- In za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a ajiye shi da kimanin rabin caji.
- Kada a jefa shi cikin jaka ɗaya da ƙusoshi da mukullai, domin ƙarfe na iya haɗa bakunansa ya yi tartsatsi.
- Batirin da ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, a daina aiki da shi, kada kuma a jefa shi a wuta.

A duba jikin caja kafin a jona ta. Wutar Najeriya 230V ce a ƙa'ida, ta Amurka kuwa 120V. Cajar da aka yi don Amurka kaɗai, in aka jona ta a nan, nan take za ta ƙone.

In za a saya

Ana samun waɗannan injina, sababbi da na hannu, a wurin masu sayar da kayan aiki da na gini a manyan garuruwa. Araha ba ta ado. Akwai jabu da ake manna wa sunan manyan kamfanoni, akwai kuma ƙananan batira da ake rubuta wa lambobi masu ban tsoro kamar 48V ko 88V, alhali in an buɗe guda biyar ɗin nan ne a ciki. Ku tafi da wanda ya san kayan. Ku sa tsinke ku juya ku ga ko yana rawa, ku gwada giya biyun da gaba da baya, ku sa batir a caja ku ga ya karɓa. Ku tambaya ko ana samun batirinsa a kasuwa, domin galibi batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani. Mai niyyar sayen injina biyu ya saye su na kamfani ɗaya masu V ɗaya, su yi tarayya a batir da caja.

Kare kai

Abu mai juyawa ba ya sakin abin da ya kama. A naɗe hannun riga, a tuɓe babbar riga, mata su soke mayafi ko hijabi ta yadda ba zai yi reto a gaban inji ba. A sa tabarau na kariya, musamman in ana huda sama da kai. A sa takunkumi saboda ƙurar siminti, a toshe kunne in za a daɗe da mai bugu. Kafin canja tsinke a kulle kunama ko a cire batir. Tsinken da ya gama huda yana da zafi, kada a taɓa shi. In ana huda babban rami a riƙe injin da hannu biyu, domin in tsinke ya cije, injin ne zai juya. A kan tsani a tsaya da kyau, kada a miƙa jiki gefe. In an gama a goge ƙura, a cire batir, a ajiye inda yara ba za su kai ba.

Tambayoyi

1. Faɗi sassa biyar na injin huda da aikin kowanne.
2. Me ya sa injin ɗauri mai bugu ba ya huda bango?
3. Wace giya ce ta ɗaure sukuru, kuma don me?
4. Batir mai 18V da 5.0Ah, da wani mai 18V da 2.0Ah: yi lissafin kowanne, ka faɗi wanda zai fi daɗewa.
5. Kawo abubuwa huɗu da ke lalata batir.

Aikin gwaji

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya sami guntun katako da sukurori biyar iri ɗaya. Ku ɗaure na farko da kuloci a ƙaramar lamba, ku riƙa ƙara lambar a kowane sukuru, har ku gano wadda ke sa kan sukuru ya zauna daidai da fuskar katako. Ku rubuta lambar, ku kwatanta da ta sauran rukunoni, ku tattauna dalilin bambancin.

Jan hankali

Ɗalibai maza da mata, kada wanda ya taɓa ƙofar mutane ko bangonsu da inji sai hannunsa ya faɗa a kan guntayen katako da fasasshen bulo. Mai ba da aiki ba ruwansa da tsadar injinku. Ramin da ya miƙe da sukurun da ya zauna daidai yake dubawa, su ne kuma za su sa ya sake kiranku gobe, ya gaya wa maƙwabcinsa. Ku fara a hankali, ku saurari injin, ku saki kunama da zarar aiki ya kai. Allah ya sa albarka a sana'arku.